Ka Taɓa, Ka Taka

A ƙasan gilashin tagar sayar da tikiti akwai wani rami. Faɗinsa bai wuce tafin hannu ba, kuma in ka haɗa yatsu biyu ka cusa, ka cike tsayinsa. Don tikiti aka yi shi. Amma matar da ta kwashe ƙuruciyarta da rabin tsufanta a bayan gilashin nan ta mayar da shi ma'auni: duk allon darar da ya wuce ta ramin tana sonsa, wanda ya maƙale kuwa mai shi ya koma da abinsa.

A tashar jirgin ƙasan nan, Ka-Taɓa ake kiranta. Sunan ya bi ta har 'yan dako da masu shara sun manta tana da wani. Daga dokarta ya samo asali: ɗan darar da yatsanka ya taɓa, da shi za ka taka, ko da rami zai kai ka. Babu "au, tsaya", babu "hannuna ne ya zame". Ta faɗa wa ɗalibai, ta faɗa wa 'yan kasuwa, ta taɓa faɗa wa wani babban ɗan sanda da ya ɗaga dokinsa sannan ya hango abin da ke jiransa. Ya tambaye ta ko ta san da wa take magana. Ta ce ta sani sarai, da mutumin da ya taɓa doki.

Aljihun teburinta na ƙasa, wanda aka tanada don tsofaffin takardu, shi ne taskarta. Akwai allo mai ninkewa na fata, 'ya'yansa falle-falle ana soka su a 'yan aljihuna. Akwai mai maganaɗisu, ko ka kife shi babu ɗan da zai faɗo. Akwai na cikin kwalin ashana, 'ya'yansa maɓallan rigar jariri ne. Akwai wani da ta ci a hannun wani ma'aikacin jirgin ruwa, na duwatsu farare da baƙaƙe kamar ƙwayar shinkafa, wanda ba a cin abokin wasa sai an yi masa ƙawanya. Damina guda ta yi tana koyonsa, tana tsaki. Mafi yawa dai na darar nan ne mai sarki da sarauniya da dawaki da ƙananan sojoji a gaba, ita ta fi so.

Babu ko ɗaya da ta saya, babu kuma wanda aka ba ta kyauta. Ci ta yi. Jirgi ba ya zuwa a kan lokaci, fasinja sukan gaji da zama, ita kuma idonta ba ya kuskuren aljihun da ke ɗauke da ƙaramin allo.

"Malam, wancan da ke leƙowa daga aljihunka, ka iya ne ko ado ne?"

In ya ce ya iya, sai ta jawo aljihun tebur ta ɗora nata a gefe. Wanda ya ci ya kwashe duka. Allon ya riƙa shiga da fita ta ramin, ita a ciki, shi a waje, tana tsayawa ta sallami mai tikiti ta dawo. Labari ya bi layin dogo, har mutane suka riƙa sa makera da masassaƙa su yi musu 'yan mitsi-mitsin alluna don kawai su zo su gwada ta. An cinye ta a wasa, ba sau ɗaya ba. Takan turo allon waje ba tare da ta ɗaga kai ba, ta ce, "Ka kula da shi, zan karɓa."

Abu ɗaya ne ba ya shiga tagarta ko da ya wuce ramin: duk wasan da ake jefa ƙwaya mai ɗigo-ɗigo. Wani attajiri ya taɓa turo mata ludo na azurfa, ɗan ƙarami, mai kyan gaske. Ta tura masa abinsa da bayan biro, ko taɓawa ba ta yi ba. In an tambaye ta dalili takan ce sa'a ta ishe ta a kan layin dogo, ba ta bukatarta a kan tebur.

Wannan amsar mutane ce, kuma sukan yi dariya su wuce. Gaskiyar tana can baya, a gidan da ta tashi.

Tana yarinya ta taɓa cin abokan yayanta ludo, ɗaya bayan ɗaya. Suka ce sa'a ce. Ta koma dara, inda babu abin jefawa. Sai yayan ya riƙa tsayawa a bayanta yana numfashi a wuyanta, da ta miƙa hannu ya kama ya ce, "A'a, nan za ki sa." Sau da yawa ma nan ɗin take nufi. In ta ci, a ce ai Yaya ne ya ci. In an cinye ta, a ce ai ta ƙi jin maganar Yaya. Ba mugu ba ne, yana sonta, kuma wannan ne ya fi ba ta haushi, don babu wanda za ta kai wa ƙarar taimako. Sai ta samo wani ɗan gwangwanin alewa mai faɗi, ta zana gidaje da ƙusa, ta huhhuda, ta yi 'ya'ya da tsinken ashana, na wani ɓangare ƙonannu, na ɗayan farare. Da yayan ya zo taimako, yatsansa ya rufe rabin allon. Ya ce wannan ai wasan tururuwa ne, ya tafi. Ranar ta gano abin da ta riƙe har tsufa: ƙaramin allo ba ya ɗaukar hannu na uku, kuma 'yan kallo ba sa ba da shawara a kan abin da ba sa gani. Lokacin da aka ɗauke ta aiki aka nuna mata ɗakin tikiti, da ƙofa mai sakata ta ciki da gilashi a gaba, sauran ma'aikata suka ce kurkuku ne. Ita kuwa zama ta yi kamar wadda aka naɗa sarauta.

Mijinta, mai gyaran layin dogo, sau ɗaya ya yi wasa da ita. Ta cinye shi, ya ce dara ɓata lokaci ce, bai ƙara ba har ya rasu. Ta fi ganin mutuncinsa a haka fiye da a ce ya riƙa zama yana bar mata.

Direba ya shigo rayuwarta bayan haka. Jirgin kaya yake ja, dogon mutum mai dariyar da ake ji tun daga dandamali. Jirginsa yakan ɗan tsaya a tashar ya jira na fasinja ya wuce, tsayawar da ba ta isa a yi wasa ba. Sai suka yi tasu yarjejeniya: taku ɗaya a kowace wucewa. Ya sauko yana goge hannu da tsumma, ta turo allon, ya taka, ya tura mata, usur ya kira shi. Ita kuma tana da har dawowarsa ta yi tunani.

"Malama, har yanzu ba ki mutu ba?" Gaisuwarsa ke nan, sarkinta yake nufi.

"Wanke hannunka tukun, kada ka shafa wa sojojina baƙin mai."

Wasa ɗaya yakan ci musu watanni. Alluna sun yi ta kai da kawowa tsakanin aljihunsa da aljihun teburinta, wani ma ya je ya dawo har ya san hanya. Amma akwai guda da bai taɓa ɗorawa ba, sai dai ya fito da shi ya buɗe ya rufe don ta gani: akwatin sigari na tagulla, na mahaifinsa, wanda tsohon ya huda cikinsa gida-gida, 'ya'yan na ƙashi, kowanne da 'yar allurarsa da ke shiga rami. Ta so allon nan son da ba ta yi wa wani abu ba. Shi kuma ya ce ba zai ɗora shi ba sai in za ta ɗora gwangwanin alewa. Shekaru suna wannan ja-in-ja. Rannan ta ce to, suka fara wasan a kan akwatin tagullar.

A tsakiyar wannan wasan ne hannunta na dama ya fara rawa.

Da farko ta ɓoye. Ta riƙa yin takunta tun kafin ya iso, ita kaɗai, ta tallafe wuyan hannun da na hagu. Amma wata rana ya taka, sai ta ga amsa nan take, zumuɗi ya kwashe ta. Ta miƙa yatsa za ta ɗauki soja, yatsan ya kauce ya bugi doki. Dokin ya girgiza a raminsa. Duk inda zai je daga nan bakin mutuwa ne.

Direba ya ɗaga kai yana kallon agogon bango. "Ban ga komai ba," in ji shi.

"Ni na gani."

"Haba Malama, wannan ai ba taɓawa ba ce, ciwo ne."

"Ciwon nawa ne, dokin ma nawa ne."

Ta taka da dokin. A wucewarsa ta gaba ya daɗe tsaye kafin ya ci dokin, kuma bai yi gaisuwar da ya saba ba. Wannan rashin gaisuwar ya fi asarar dokin yi mata zafi.

Ba a jima ba shugaban tasha ya kira ta ofis, ya ba ta kujera, abin da bai taɓa yi ba. Za a rufe tagar, za a kafa injin da ke fitar da tikiti da kansa. Ita kuma lokacin hutunta ya yi. Ya yi ta yabon ta kamar mai yi wa gawa addu'a. Ta tambaye shi ko injin ya iya dara. Ya yi dariya fiye da yadda maganar ta cancanta.

'Yarta, Auta, ma'aikaciyar jinya ce, ta riga ta gyara mata ɗaki a gidanta. Har ta sa an yi wata 'yar kabad ta gilashi inda za a jera allunan a falo, a manne 'ya'yan da gam don kada jikoki su haɗiye.

"Za su yi kyau, Umma, kowa ya shigo ya gani."

"Ni ma ki manna ni a gefensu, sai a cika adon."

Ranar rufe tagar, bayan azahar, Auta na cikin ɗakin tikiti tana naɗe alluna a tsofaffin jaridu tana jerawa a kwali. A waje masu aiki sun jingina injin da bango, yana cikin ledarsa, suna jiran tsohuwar ta fita su cire gilashi. Sai ga Direba, ba cikin kayan aiki ba, da riga mai guga, hannunsa tas. Ya ɗauki hutu don su ƙarasa wasan a zama ɗaya.

Ta turo akwatin tagullar. Ya duba. Takunsa ne, kuma duk wanda ya iya zai ga yana gaba da doki guda, hanya a buɗe take. Ya yi gyaran murya, ya ɗauki sarauniyarsa, wadda ta fi kowa ƙarfi a allon, ya dasa ta daidai bakin wani ƙaramin sojanta. Ya tura mata.

Ta gyara tabarau. Ta nemi tarko ta hagu, ta nema ta dama. Babu. Sarauniya ce tsirara, an ajiye mata kamar yadda ake ajiye wa mara lafiya abinci a bakin gado.

"Mene ne wannan?"

"Wasa."

"Na ce mene ne wannan, Direba?"

"Tsufa ne, Malama. Ido ya fara gajiya."

"Idon da ke hango akuya a kan layi tun kafin kwana? Mayar da ita inda ka ɗauko ta."

Ya buɗe tafukan hannunsa, yana murmushin wanda ya daɗe da shirya amsarsa. "Na taɓa, na taka. Dokarki ce, ba tawa ba."

Nan ta gane da wayo ya zo. Ya kama ta da igiyarta. In ta ce ya mayar, ta karya dokar da ta riƙe a gaban ɗan sanda da kuma a gaban ciwonta. In ta ci, wasan ya zama nata, akwatin tagulla ya shiga kwali, ya zama allo ɗaya tilo da aka ba ta don tausayi. Kuma ta san kanta: daga ranar duk wanda ta ɗauka a cikin sauran sai ta tambayi zuciyarta ko shi ma mai shi bar mata ya yi.

Shi kuwa Direba, da za a tsare shi, zai rantse alheri ya nufa, kuma ba ƙarya zai yi ba. Sai dai a ƙarƙashin alherin akwai mutumin da ba ya so a ce ya ƙwace wa tsohuwa mai rawar hannu gwangwaninta. A ƙarƙashin wannan kuma akwai wani, wanda shi kansa bai taɓa kallonsa ido da ido ba, mai son wani abu nasa ya bi matar nan gida ya zauna a ɗakinta. Duk waɗannan mutanen babu wanda ya zo yin dara.

Auta ta leƙo ta kafaɗarta. "Umma, ki ci mana! Ni da ban iya ba ma na gani."

"Ka ji ko?" in ji tsohuwar, ba ta juyo ba. "Har wadda ba ta iya ba ta gani. Kunya ba ta kama ka ba?"

Ta mayar da ido kan allon. Wani ɗan dako ya matso yana tambayar wa ke ci, ya leƙa bai ga komai ba sai 'yan ƙasusuwa, ya koma. Masu injin suka fara buga ƙafa.

Sai ta ɗaga hannun dama, ta kama wuyansa da na hagu. Ba wajen sojan ta nufa ba. Sarauniyarta ta cafka. Allurar ta fito daga rami, hannun ya ɗauki rawa, 'yar ƙashin tana kaɗawa a sama kamar ganye.

"Kawo in sa miki, Umma, faɗa mini wurin kawai."

"Janye hannunki."

"Umma, ai ba wani abu…"

"Na ce janye. Hannu biyu gare ni, sun isa."

Allurar ta kuskure ramin, ta sake kuskurewa. Gumi ya tsattsafo a goshinta. Da ta shiga, sai ga sarauniyarta tsaye a bakin ƙaramin sojansa, tsirara kamar tasa. Ta tura akwatin ta ramin da ƙarfin da ya sa ya bugi cikinsa.

"Ci, in ci."

Ya duba, ya sake dubawa. "Malama, kin haukace ne?"

"Sadakarka na mayar maka. Na taɓa, na taka."

"In na ƙi fa?"

"Sai su tsaya suna kallon juna har a kafa injin a kanmu. Ni ba inda za ni."

Ya dube ta ta cikin gilashin. Sannan dariyar nan tasa ta fashe, har masu injin suka waiwayo. Ya cire hula ya ajiye a bakin tagar, ya naɗe hannun riga mai guga.

"Wallahi ke masifa ce. To, ki shirya."

Ya ci tata, ta ci tasa. Allon ya koma yadda gaskiya ta bar shi: shi a gaba da doki guda. Daga nan bai ƙara ɗaga mata ƙafa ba. Ya matse ta ta gefe, ya tsinke mata sojoji, duk ramin da ta haƙa ya tsallake. Ita ma ta ba shi wuya, sau biyu ya sosa ƙeya yana cewa "kai!" Shugaban tasha ya fito zai yi magana, ya ga fuskarta, ya koma ofis. Amma doki doki ne. Da rana ta yi sanyi, sarkinta ya rasa gidan shiga.

"Malama," in ji shi a hankali, "yanzu kam kin mutu."

"Sai yau ka faɗi gaskiya."

Ta zare sarkin da kanta ta kwantar. Ta rufe akwatin tagulla ta tura masa. Sannan ta sa hannu a kwalin Auta, ta warware jarida, ta fito da gwangwanin alewa, fentinsa duk ya goge, tsinkayen ashana suna ƙara a ciki. Ta tura shi ta ramin.

"A'a, wannan kam bar shi…"

"Ɗauka, kafin ka sake ɓata mini rai. Ka kula da shi, zan karɓa."

A mota Auta ta yi ta satar kallonta, tana jiran hawaye, har ta tanadi abin da za ta faɗa. Tsohuwar tana rungume da kwali, leɓenta na motsi. Lissafin inda ya kamata ta kai soja take yi.

Kabad ta gilashi tana falo har yanzu, kofuna ne a ciki. Kwalbar gam kuwa ba a san inda ta shiga ba, kuma ba wanda ya tambaya. Abin da tsohuwar ta fara yi a sabon ɗakinta shi ne kiran kafinta. Tagar ɗakin tana kallon titi. Ta sa ya rufe rabinta na ƙasa da katako, ya fafe rami a ciki. Da ya fito da ma'auni ta ce ya mayar aljihu, ta shimfiɗa masa tafin hannunta, ta haɗa yatsu biyu.

Wata safiya aka ƙwanƙwasa katakon. Direba ne.

"A nan ake sayar da tikiti?"

"Ka zo da gwangwanina?"

"Na zo da gwangwanina dai."

"Za mu gani."

Ta ɗora mai maganaɗisu, ya ɗora gwangwani. Ita ce da farare. Ta kama wuyan hannunta, yatsun suna rawa a saman sojoji, kusa-kusa da doki. Direba ya juya kai yana kallon masu wucewa a titi, kamar wanda ya ga wani abin sha'awa.

Ta buga katakon da ƙarfi.

"Kai! Nan za ka kalla. In na taɓa, ka faɗa."